Yadda Jami'a Ta Mayar da Maigidana Mai Sauraro

Daga:
Matar Malamin Koyar da Tuƙi,
Gida mai koriyar ƙofa,
Bayan Filin Koyon Mota.

11 ga Maris, 2024

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Ci Gaba da Ilimi,
Tsohon Ginin Gudanarwa,
Harabar Jami'a.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RUBUTA MAIGIDANA A MATSAYIN "MAI SAURARO" A KWAS ƊIN ƘIDIDDIGA, DA HANA SHI KIREDIT UKU DA SUKA RAGE MASA KAFIN YA KARƁI DIFLOMA

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izini in gabatar da ƙorafi a madadin maigidana, ɗalibin shekara ta biyu a shirin Diflomar Gudanar da Harkokin Sufuri, ajin yamma da na Asabar. Sunansa da lambarsa suna jikin kwafin katin ɗalibi da na maƙala. A unguwa kuwa, da filin da yake koya wa mutane tuƙin mota, da wajen ƙannensa da abokansa, ba a san shi da wani suna ba sai Rediyo. Ba don raini na kawo wannan laƙabi ba, sai don yana cikin hujjojin da zan kafa a ƙasa.

Ni tsohuwar mai buga takardu ce a ofis, na yi ritaya. Na buga wa mutane da yawa irin wannan takarda, na kuma san aljihun teburin da takan kwana a ciki. Saboda haka nake roƙon Mai Girma Darakta ya daure ya karanta ta da kansa, kuma kafin ranar 28 ga Maris, ranar da aka shaida mana majalisar jami'a za ta zauna ta amince da waɗanda za a yaye bana. Idan ranar ta wuce ba a gyara wannan magana ba, karatun shekara biyu ya tafi a banza, domin daga ajinsu aka rufe wannan difloma, babu wani aji a bayansu da zai bi ya maimaita kwas ɗin.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu.

1. Ranar 9 ga Satumba, 2023, maigidana ya je tagar rajista domin ya yi rajistar kwas na ƙarshe da ya rage masa, wato Ƙididdiga, mai kiredit uku. Kafin ya shiga makarantarku, kiredit a gidanmu abin da ake sa wa waya ne. Shi ya koya mana cewa a jami'a kowane kwas yana da nauyinsa, ana tarawa kaɗan-kaɗan, sai sun cika adadi a ba mutum takardar shaida, ya kuma yi mana wannan bayani fiye da yadda muke bukata. Ke nan ba za a ce bai san darajar kiredit ba. Abin da bai sani ba shi ne, a wannan zangon ne Sashenku ya ɓullo da sabon tsari na barin dattawa su zauna a aji su ji lakca don sha'awa kawai, ba jarrabawa, ba maki, ba kiredit, wanda kuka raɗa wa suna "sauraro". A gabansa a layi akwai wasu dattawa uku 'yan fansho da suka zo don wannan. Da layi ya zo kansa, ma'aikaciyar rajista ta ɗaga kai ta ga furfura, sai ta tambaya ko shi ma Baba sauraro ya zo yi. Shi kuwa ya ɗauka gaisuwar ban girma ce, sai ya gyara tsayuwa ya amsa mata cewa ai 'yata, duk wanda ya zo gaban malamai me ya kawo shi in ba sauraro ba, mu me muka sani. Ta danna abin da za ta danna a kwamfuta, ta ce an gama, Allah Ya ba da sa'a. Ya dawo gida yana yabon tarbiyyarta, har yana cewa 'ya'yanmu su je su ga yadda ake magana da babba. Kuɗin makaranta tun farkon shekara aka biya shi a dunƙule, don haka babu abin da ya canja da zai ja hankalinsa.

Ranka ya daɗe, ba da wannan baiwar Allah nake ba, tambayar da aka ba ta ta yi. Ƙorafina shi ne an ɗauki kalmar da kowa yake nuna ladabi da ita, an mayar da ita sunan tsari, ba a kuma sa kowa ya yi wa mutane bayani ba. Duk ɗan arzikin da aka tambaya a ƙofar makaranta ko sauraro ya zo yi, zai ce e, ballantana dattijon da yake ganin alfarma aka yi masa da aka bar shi ya zauna a aji.

2. Ina shaida wa Sashe, a matsayina na wadda ta shafe shekara ashirin da bakwai a gidan wannan bawan Allah, cewa bayanin da kwamfutarku ta ajiye a kansa ba gaskiya ba ne. Maigidana bai taɓa zama mai sauraro ba. Ba ya sauraron likita, ba ya sauraron makanike, ni kuwa ba a ma magana. Sana'arsa kanta magana ce: daga safe zuwa la'asar yana zaune a gefen mai koyo yana cewa a saki kuloci a hankali, a dubi madubi, a taka birki, in ya dawo gida kuma bakin bai san an tashi aiki ba. Ko labarai ake karantawa a talabijin, shi ke riga mai karantawa ƙarasa jimla. In na fara ba shi labari, kafin in kai tsakiya ya karɓe ya ƙarasa mini, da ƙarshen da ba shi ne ya faru ba. Jami'arku ce hukuma ta farko da ta ba shi shaidar sauraro. Ranar da ƙannensa suka ji, sai da ɗayansu ya zauna a ƙasa don dariya, kafin su fahimci abin da hakan ke nufi.

3. Malamar da ta koyar da kwas ɗin, wadda nake girmamawa ƙwarai, ba ta taɓa ɗaukarsa mai sauraro ba, kuma ba ta da laifi, don babu alamar hakan a tattare da shi. Dattawan nan uku a layin baya suke zama, ɗayansu ma gyangyaɗi yake zuwa yi. Maigidana a kujerar gaba yake, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, tabarau a kan hanci, hannunsa a sama tun kafin a gama rubuta kan darasi a allo. 'Yan ajinsu sun tabbatar mini cewa zango bai yi nisa ba malamar ta kafa doka, wai kowane ɗalibi tambaya biyu gare shi a lakca ɗaya, kuma kowa a ajin ya san don wa aka kafa ta. Ta karɓi jingarsa, wato aikin da ake ba ɗalibi ya yi a gida, ta duba, ta mayar masa da jan biro kaca-kaca. Ta sa shi a rukunin bincike, inda ya tsaya a mararraba da rana tsaka yana ƙirga motocin da ke ba da sigina kafin su juya da waɗanda ba sa bayarwa. Ya dawo murya a dishe, saboda bai iya ƙirga masu laifin ya bar su su wuce ba tare da ya yi musu nasiha ba. Ranar 13 ga Janairu, 2024, an duba katinsa a ƙofar ɗakin jarrabawa, an nuna masa kujera, an ba shi takarda, ya rubuta, an karɓa.

Ba zan ɓoye wa Mai Girma Darakta ba, maigidana ba gwanin lissafi ba ne. Gwajin farko ya faɗi warwas, ya dawo yana cewa wajen tsara tambayoyin aka yi kuskure. Na biyu ya tsallake da ƙyar, bayan ya daina zuwa hira wajen abokansa, ya koma zama da littafi kullum da sassafe kafin ya fita fili. Da ya je wajen malamar ranar 5 ga Maris, ta gaya masa da bakinta cewa ta duba takardar jarrabawarsa, ya ci, ko da yake da ƙyar da jiɓin goshi, amma da ta zo shigar da makin kwamfuta ta ƙi karɓa. Ta ɗauka irin taurin kan da na'urar ta saba yi ne, ta kai rahoto ofishinku, ba a waiwaye ta ba. Sai yanzu ta gane cewa babu gurbin maki a gaban sunan mai sauraro. Makin yana nan a hannunta, da na same ta da kaina kuma ta ce a shirye take ta shaida duk abin da na faɗa.

4. Tun daga Satumba har Maris babu wanda ya sanar da shi komai. Ranar 2 ga Maris ya sa na yi kwalliya na raka shi sito, inda ake gwada rigar yaye ɗalibai. Tun a mota yake damuwa ko za a samu hular da za ta shiga kansa, abin da ni ma na yi shakka. An samu. Ya sa rigar, ya sa hular, ya tsaya gaban gilashin taga yana jujjuyawa, yana tambayar kowa ko ta yi masa tsawo. Ina cikin gyara masa tuntun hular sai mai kula da sito ya duba kwamfutarsa, ya sake dubawa, sannan ya sassauta murya ya ce Baba ya yi haƙuri ya cire, sunansa bai fito ba, saura kiredit uku. A gaban 'yan ajinsu, waɗanda yawancinsu sa'annin 'ya'yansa ne, ya tuɓe rigar, ya ninke ta da kyau yadda aka ba shi, ya ɗora hular a kai, ya miƙa da hannu biyu, ya yi godiya. Na sha ganin mijina cikin fushi da cikin rashin lafiya, amma ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba. Ni na tuƙa mu zuwa gida, kuma har muka iso bai gyara mini tuƙi ko sau ɗaya ba.

5. Daga 4 zuwa 8 ga Maris ya bar masu koyo suna jiransa a fili, yana zarya a harabarku. Ofishin Sashe ya ce maki hurumin Tsangaya ne. Tsangaya ta ce ɗaliban yamma ba nata ba ne, aron malamai kawai take ba ku. Ofishin jarrabawa ya ce shi da abin da kwamfuta ta ba shi yake aiki. Masu kula da kwamfuta suka ce ba sa taɓa komai sai da sa hannun Darakta. Sakatarenka ya ce Darakta yana taro, kuma ina fatan an tashi lafiya. A ƙarshe aka gaya masa cewa a matsayin mai sauraro kwamfuta ta rubuta shi, aka kuma nuna masa wata sanarwa da ta ce duk mai son sauya matsayi daga sauraro zuwa kiredit ya yi haka cikin mako uku na farkon zango. Sanarwar tana manne a allon da ke cikin barandar ofishinku, wadda ake kulle ƙofarta ƙarfe huɗu, alhali ɗaliban yamma sai biyar suke isowa, bayan sun tashi daga wuraren aikinsu. Ranar Asabar kuwa ba a buɗe ta sam. Ina roƙon a gafarce ni in na ce Sashen da aka kafa domin ma'aikata masu karatu ya tsara lokutansa kamar ba ya son haɗuwa da su. Kuma ko da ya ga sanarwar da wuya ya tsaya karantawa, tunda bai san da shi ake ba.

6. Ina so a rubuta a ajiye cewa ba shi kaɗai ya yi wannan kwas ba. Tsawon zango guda gidanmu yana cikin Ƙididdiga. Teburin cin abinci ya koma na karatu, muka koma ci a cinya. Ya fitar da matsakaicin mintocin da nake yi a waya da yayata, ya tara iyali ya sanar. Ya zana jadawalin gishirin miyata na wata guda, ya manna a ƙofar firij, ya ce alƙaluma ba sa son kai. Ya yi hasashen ranar da tukunyar gas za ta ƙare, ta ƙare tun ranar tana nesa, muna da baƙi a falo. Surukinmu, mijin babbar 'yarmu, ya daina zuwa gaisuwa ranar Lahadi, saboda duk zuwa sai an zaunar da shi an yi masa bitar darasin mako, shi kuma kunya ba ta barinsa ya tashi. Mun jure duk wannan da zuciya ɗaya saboda an ce mana kiredit uku ne a ƙarshensa. In kuwa shaidar sauraro Sashe yake rabawa, to mu ne muka cancanta.

7. Wannan shi ne mafi nauyi a wajena, ina kuma roƙon a yi mini uzuri in na kauce wa salon ofis. Maigidana ya bar makaranta yana aji huɗu na sakandare, shekarar da mahaifinsu ya rasu, ya shiga tuƙin motar haya ya ɗauki nauyin ƙannensa biyar. Dukansu sun yi karatu. Uku daga ciki sun sa irin rigar nan, shi ne kuma ya kai su wajen taron a mota, ya jira su a inda ake ajiye motoci. Daga baya ya zauna jarrabawar kammala sakandare da furfurarsa a tsakiyar yara, har sau biyu, kafin ya samu shiga wajenku. Wannan difloma ba za ta ƙara masa matsayi a wajen aiki ba, don makarantar tuƙin tasa ce, mota biyu ce da allo ɗaya, babu wanda zai yi masa ƙarin girma sai shi kansa. Yana sonta ne kawai, kuma ban taɓa ganin yana son wani abu don kansa haka ba.

Tun ranar 8 ga Maris ya tattara littattafansa a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Ya ce wai dama karatu ba na irinsu ba ne, wanda ya kasa gane tambaya ɗaya a bakin taga ina shi ina difloma. Yanzu yakan zauna a falo a yi ta hira yana gyaɗa kai. Masu koyon mota sun fara tambayata ko Malam ba shi da lafiya, wai ɗayansu ya hau kan dakali da ribas bai ce masa komai ba. Jiya na ba shi labari tun daga farko har ƙarshe bai katse ni ba, da na gama sai na shiga kicin na yi kuka. Na daɗe ina roƙon Allah Ya sassauta wa mutumin nan baki, amma ba ta wannan hanya ba, kuma na janye roƙon.

Na san za a ce ƙa'ida ƙa'ida ce, wa'adin sauya matsayi ya wuce. Na yi aikin ofis, ba na raina ƙa'ida. Sai dai wa'adin an yi shi ne don wanda ya zaɓi sauraro daga baya ya canja ra'ayi, maigidana kuwa bai zaɓa ba, gaisuwa ya amsa. Bisa wannan, da dalilan da suka gabata, nake roƙon Mai Girma Darakta cikin ladabi:

(a) ya sa hannu a mayar da maigidana cikakken ɗalibi a kwas ɗin Ƙididdiga, tun daga ranar 9 ga Satumba, 2023;

(b) ya ba da umarni a karɓi makin da ke hannun malamarsa yadda yake, kada a ƙara masa ko ɗigo, don abin da ya ci da guminsa ya ishe mu;

(c) ya tabbatar sunansa ya isa gaban majalisar jami'a kafin zamanta na 28 ga Maris;

(d) ya sa a bincika ko akwai wasu masu furfura da ladabinsu ya jefa su cikin irin wannan hali, a kuma sauya tambayar da ake yi a taga zuwa wadda kowa zai gane, wato ko mutum yana son takardar shaida ko ba ya so, sannan a riƙa barin ƙofar baranda a buɗe ko da yamma ɗaya ce a mako;

(e) kada a ɗauki wani mataki a kan ma'aikaciyar rajista.

Abu na ƙarshe, ranka ya daɗe. Maigidana bai san na rubuta wannan takarda ba. Da ya sani da ya hana, don a ganinsa laifin nasa ne, kuma ba zai so a ce matarsa ce ta je ta roƙo masa difloma ba. Saboda haka, in an amince, ina roƙon a rubuta masa kai tsaye a kan takardar Sashe mai hatimi, a ce an gano kuskuren an gyara, kada a ambace ni. In kuwa ba a amince ba, to ni za a aiko wa amsa, ta hannun mai shagon ɗinki da ke kallon gidanmu, a cikin ambulan marar tambari. Ni zan san ranar da zan gaya masa da yadda zan gaya masa, tunda ni ce zan zauna da shi bayan nan.

Ina godiya da haƙurin karanta wannan doguwar takarda. Allah Ya ƙara wa Mai Girma Darakta lafiya da ɗaukaka, Ya kuma sa ya duba wannan magana da idon rahama.

Taka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Matar Malamin Koyar da Tuƙi,
Tsohuwar mai buga takardu.